Hazon Hunturu da Iyakar Nisan Gani: Lamarin Wani Matuƙin Jirgi Mai Saukar Ungulu a Legas

Mutumin da aikinsa

Matuƙin da wannan nazari ya shafa Bazazzage ne mai shekara arba'in da 'yan kai. Ya fara karatu a kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, daga baya ya tafi Amurka ya koyi tuƙin jirgi mai saukar ungulu. A can ya samu shaidar tuƙi da na'ura, wato izinin tafiya cikin gajimare ba tare da ganin ƙasa ba. Yana zaune da iyalinsa a Agege, inda kowa ke kiransa Kyaftin, har limamin masallacin layinsu.

Kamfanin da yake wa aiki ƙarami ne. Jirage biyu gare shi masu inji bibbiyu, yana tashi daga filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja. Babban abokin cinikinsa wani Alhaji ne Bakano mai aikin gine-gine a yankin Ibeju-Lekki. A mota, cunkoson Ajah kaɗai kan cinye masa rabin wuni. A sama tafiyar ba ta wuce minti 25. Wurin saukar da ke can dandamalin siminti ne kawai da ƙyallen nuna iska a kan sanda. Babu fitilu, babu na'urar jagorar sauka, babu ma'aikacin auna yanayi. Mataimakin Kyaftin wani matashi ne ɗan Katsina, shekararsa ta biyu ke nan a kujerar hagu.

Lambobin da ke ɗaure shi

Hanya biyu ce ake tuƙa jirgi. Ko dai da ido, matuƙi na kallon ƙasa da iyakar sama, ko kuma da na'ura, masu kula da zirga-zirga na ba shi hanya. A ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, mai tuƙi da ido ba ya tashi ko sauka a filin da ke da hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage sai nisan gani ya kai kilomita 5, gajimare kuma bai gaza ƙafa 1,500 daga ƙasa ba, sai fa in hasumiyar ta ba shi izini na musamman. Jirgi mai saukar ungulu yana da ɗan sassauci, saboda yana iya rage gudu har ya ga abin da ke gabansa.

Saukar na'ura kuwa, a Ikeja akwai tsarin ILS a titin da ake kira 18R, mai tsawon mita 3,900. Tsarin na aiko da siginar rediyo guda biyu: ɗaya ta riƙe jirgi daidai tsakiyar titi, ɗaya ta riƙe shi a kan gangara mai kusurwar digiri 3. A matakin farko na wannan tsari, matuƙi ba ya gangarowa ƙasa da ƙafa 200 sai ya ga fitilun titi, nisan gani kuma kada ya gaza mita 800, ko mita 550 idan na'urar gefen titi ce ta auna. Wannan ƙafa 200 ita ce tsayin yanke shawara. In an iso ta ba a ga komai ba, fasa sauka ake yi, a ƙara wuta a koma sama.

Akwai lissafi a bayan lambobin nan da ya kamata a tsaya a kansa. Jirgin da ke kan gangarar digiri 3, idan ya iso ƙafa 200, saura masa kusan mita 870 kafin bakin titi. Ke nan a ranar da ake ganin mita 800, matuƙi ba titin yake gani ba a wannan tsayi. Jerin fitilun da aka dasa kafin titi yake gani, waɗanda a cikakken tsari sukan kai mita 900. Idan kuma yana gudun kilomita 167 a sa'a, mita 800 daƙiƙa 17 ce, ƙafa 200 kuma daƙiƙa 25 ce kafin ƙasa.

Iyakar tashi tana da nata dalilin daban. Jirgi mai inji biyu zai iya rasa ɗaya yana barin ƙasa. A lokacin, ko dai matuƙi ya ga wurin da zai mayar da jirgin ya dire, ko ya ci gaba da inji ɗaya ya nemi inda zai sauka. Don haka tambayar tashi kullum tana ɗauke da ta sauka a cikinta: in abu ya lalace yanzu, ina za mu?

Abu na ƙarshe shi ne wanda Kyaftin ya zo da shi daga Amurka. Dokar can ta yarje wa jirgi mai saukar ungulu ya raba nisan ganin da aka rubuta wa ƙananan jirage gida biyu, muddin bai gaza rubu'in mil ba, wato kusan mita 400, kuma gudunsa bai wuce kilomita 167 a sa'a ba. Dokar Amurka ce, ta sararin Amurka. A nan gida, abin da ke ɗaure matuƙin haya shi ne kundin aikin kamfaninsa wanda hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta amince da shi, kundin kamfaninsu kuwa bai ƙunshi wannan rangwame ba.

Nuwamba zuwa Disamba

Ƙurar hunturu daga can arewacin Chadi take tasowa, musamman kwarin Bodele, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta. Takan isa Maiduguri da Kano kafin ta gangaro kudu. A Legas sai ta tarar da laimar teku, su haɗu su yi wani hazo mai kauri da sassafe. Mutanen Ikeja ba su manta Fabrairun 2020 ba, lokacin da manyan jirage daga ƙasashen waje suka riƙa karkata zuwa Accra saboda hazo.

A ƙarshen Nuwamban shekarar da ake magana, rahoton hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ya fara nuna nisan gani mita 4,000 zuwa 5,000 da safe. Ba a fasa tafiya ko ɗaya ba. A mako na biyu na Disamba ya sauko mita 2,000 zuwa 3,000, wata safiya har 1,500. Dabarar Kyaftin a lokacin ita ce wadda ya daɗe yana yi: ya nemi izini na musamman daga hasumiya, ya tashi, ya yi ƙasa-ƙasa a ƙafa 500, ya rage gudu, ya bi gaɓar tafkin Legas yana kama alamun da ya sani, gadar Third Mainland, dogayen gine-ginen Ikoyi, sannan titin Lekki zuwa Epe. Kullum yana isa. Alhaji ya riƙa yaba shi a gaban baƙi, yana cewa matuƙinsa ba ya jin tsoron hazo.

Mataimakin ya taɓa ɗaga maganar sau ɗaya, suna jiran mai. Ya ce, “Kyaftin, in hazon nan ya rufe mu muna can, da wace lamba za mu dawo?” Kyaftin ya ce masa ILS na nan, kuma jirgi irin nasu ko mita 400 ya ishe shi. Matashin bai ja ba. Bai kuma buɗe kundin ya duba ba, don a tasowarsu yaro ba ya bin diddigin maganar babba.

Wata Laraba a tsakiyar Janairu

Sun tashi daga Ikeja da ƙarfe 9:10 na safe, ana ganin mita 2,500. Hasashen yini ya ce zai iya saukowa mita 1,500 jefi-jefi. Man da suka ɗauka na zuwa da dawowa ne da ajiyar da doka ta ce, da ɗan ƙari kaɗan, saboda fasinja shida ne da kaya. Ba a rubuta filin ko-ta-kwana ba, tun da a takarda tafiyar ido ce.

An shirya dawowa da azahar, amma taron Alhaji ya ja har bayan la'asar. Da ƙarfe 4:00 rahoton Ikeja ya ce mita 1,200. Da 4:30 ya ce 1,000. Daga kan dandamalin, in ka ɗaga kai kana ganin rana ja-ja-jir, sama ba gajimare. Wannan shi ne yaudarar hazo: kallon sama tsaye yana ratsa ƙura kaɗan ne, kallon gaba kuwa a karkace yake ratsa ta da tsawo, sai abin da ke kilomita ɗaya ya ɓace. Alhaji na da jirgin Kano da daddare. Ya ce, “Kyaftin, ga rana nan ai, mu je.” Kyaftin ya ce, “To, ranka ya daɗe.” Sun tashi da 4:40.

Minti shida na farko sun bi titi. Da suka yanko kan tafkin sai ruwa da sama suka zama launi ɗaya, kamar koko a ƙwarya, ga ranar yamma ta fuskance su tana haska ƙurar. Iyakar sama ta ɓace. Kyaftin na ta neman gaɓa ta tagar gefensa, bai ji komai ya canza a jikinsa ba. Abin da ke faruwa a irin wannan lokaci sananne ne: gaɓar daidaito da ke cikin kunne ba ta jin karkata idan a hankali ta zo, sai mutum ya rantse a miƙe yake alhali jirgi ya kwanta. Mataimakin, wanda idonsa ke kan na'ura, ya ga sun karkata dama digiri 25, tsayi ya sauko daga ƙafa 500 zuwa 320.

“Kyaftin, muna karkata dama, muna sauka.”

Shiru. Ya sake faɗa da ƙarfi, ya ɗora hannu a kan sandar tuƙi. Kyaftin ya mayar da ido kan na'ura, ya daidaita jirgin, ya ja shi sama zuwa ƙafa 2,500, suka kira masu kula da zirga-zirga suka nemi a mayar da su tafiyar na'ura. An ba su, amma akwai manyan jirage a gabansu, sai da suka yi zagaye na minti 12.

A gangarowar farko nisan gani mita 900 ne, wato cikin ƙa'ida. Sai dai Kyaftin ya riƙa rage gudu yana kusantar ƙasa, don ya samu lokacin dubawa, har ya faɗo ƙasa da gudun da littafin jirgin ya yarda a yi tuƙin na'ura da shi. Jirgi mai saukar ungulu in ya yi sanyin gudu haka ba ya zama daram. Hancinsa ya fara yawo, suka kauce daga tsakiyar titi. A ƙafa 300 mataimakin ya ce a fasa, aka fasa. Sun yi tunanin Ibadan, sai rahoto ya nuna can ma hazon ne, man kuma ba zai kai su da ajiya ba. A gangarowa ta biyu suka riƙe gudu ɗaya tun daga sama, mataimakin na kiran tsayi ɗaya bayan ɗaya. Fitilu suka bayyana a ƙafa 260. Sun sauka da 5:38, saura man da bai kai na minti 25 ba. Fasinjoji ba su san an yi wani abu ba, ban da cewa tafiyar ta daɗe.

Kyaftin da kansa ya rubuta rahoton abin da ya faru a daren, bai rage komai ba.

Mako biyu na gyaran da bai kama ba

Matakin farko na shugabannin kamfani shi ne hani baki ɗaya: ba tashi sai an ga kilomita 5. A tsakiyar hunturu wannan na nufin jirage a ajiye kusan kullum da safe. Cikin kwana goma Alhaji ya fara hayar wani kamfanin, sashen kasuwanci ya fara matsa wa matuƙa, aka koma ba da izini ta waya, yau a ɗaga ƙafa, gobe a hana. Dokar ta zama abin ciniki, nauyin ya dawo kan Kyaftin fiye da da.

Na biyu, aka ce mai gadin wurin aikin ya riƙa kiran waya yana faɗin yadda gari yake. Bawan Allah ya yi iya yinsa, amma amsarsa ba ta wuce “garau ne” ko “da ɗan hazo”, kuma sama yake kallo. Wata safiya ya ce garau, jirgi ya je ya kasa ganin dandamalin, ya juyo.

Na uku, aka tara matuƙa aka karanta musu babin iyakokin yanayi daga kundin, kowa ya sa hannu. A nan ne Kyaftin ya gane cewa rangwamen da yake riƙe da shi ba ya cikin kundin. Wannan ya gyara kuskuren lamba guda, amma bai taɓa abin da ya faru a kan tafkin ba, inda babu wata lamba da aka karya a takarda kafin ido ya rasa madafa.

Ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu

Babban matuƙin kamfanin, da Kyaftin, da mataimakin nasa suka zauna suka sake tsarin daga tushe, aka shigar da shi kundin.

Sun raba tafiyar gida biyu, kowace da lambarta. Zuwa Ibeju-Lekki tafiyar ido ce, tun da can babu na'ura, don haka ba a tashi sai an ga mita 3,000 a duka wuraren biyu. Dawowa kuma, duk ranar da Ikeja ta gaza mita 3,000, tun daga ƙasa ake rubuta ta a matsayin tafiyar na'ura: a tashi a haye sama kai tsaye, a karɓi hanya daga masu kula da zirga-zirga, ba bin gaɓar ruwa. Ba a barin dandamalin sai Ikeja ta kai mita 1,500, kuma rahotanni biyu a jere ba su nuna raguwa ba. Ratar da ke tsakanin 1,500 da 800 an bar ta ne don abin da hazo zai iya ci cikin mintunan da jirgi ke hanya.

Mai kuma aka ƙulla shi da yanayi: na gangarowa biyu, da na zuwa filin ko-ta-kwana wanda hasashensa ya wuce iyakar saukarsa, da ajiyar minti 30. Wannan ya rage kujeru daga shida zuwa huɗu a ranakun hazo. In babu filin da ya cika sharaɗi, tun da hunturu kan lulluɓe kudu maso yamma gaba ɗaya a rana guda, babu tafiya.

Matsalar mai gadi an warware ta da abu mai sauƙi. Aka auna nisan alamu uku daga dandamalin da taswira: tankin ruwa a mita 1,000, turken sadarwa a mita 2,000, rufin wata ma'ajiya a mita 3,200. Tambayar da ake masa yanzu ita ce wanne yake gani, ya ɗauki hoto ya turo ta WhatsApp. Ma'aikacin tsara tafiye-tafiye kuma ya fara duba rahoton Maiduguri, Kano da Abuja kowace yamma, domin in ƙura ta turnuƙe can, akwai alamar tana tafe. Da haka ake sanar da Alhaji tun daren jiya, a tanadar masa mota.

Aka kuma cire maganar daga bakin matuƙi. Ofis ne ke gaya wa abokin ciniki ba za a tashi ba, kuma an rubuta lokacin dawowa na ƙarshe, ƙarfe 3:00, cikin yarjejeniyar haya. Kyaftin ya je gidan Alhaji da kansa ya yi masa bayanin abin da ya faru ranar Larabar. Alhaji ya yi shiru, sannan ya ambaci Herbert Wigwe, shugaban rukunin bankin Access, wanda ya rasu da matarsa da ɗansa a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Kalifoniya ranar 9 ga Fabrairun 2024, mutum shida duka. Masu bincike na Amurka sun gano cewa matuƙin ya ci gaba da tuƙin ido cikin yanayin da ba a gani, har ya rasa sanin sama da ƙasa. Haka suka gano a hatsarin Kobe Bryant, ɗan wasan ƙwallon kwando na Amurka, na 26 ga Janairun 2020. Alhaji ya ce, “Ashe haka ne. To, Kyaftin, ranar da ka ce a'a, a'a ne.”

Na ƙarshe shi ne horo. Matuƙan biyu sun shiga na'urar kwaikwayon tuƙi suka maimaita abu uku har suka zauna musu: hawa sama da zarar iyakar sama ta ɓace, riƙe gudu ɗaya har tsayin yanke shawara, da fasa sauka. Aka rubuta cewa idan mataimaki ya yi gargaɗi sau biyu ba a amsa ba, ya karɓi tuƙi, ba tare da neman izini ba.

Maris

Daga farkon Fabrairu zuwa ɗaukewar hazo, an fasa tafiyar safe sau da dama, mafi yawansu an mayar da su ƙarfe 11:00, lokacin da gari kan ɗan washe. An dawo ta ILS a ranaku da yawa ba tare da matsala ba. Sau ɗaya aka fasa sauka a ƙafa 200, aka zagayo aka sauka da isasshen mai. Mataimakin ne ke tuƙi ranar. Sau ɗaya jirgin ya kwana a Ibeju-Lekki. Alhaji ya sabunta hayarsa. Kuɗin shigar kamfanin na wannan hunturu ya gaza na bara, saboda kujerun da aka rage.

Hukunci

A ganina babban kuskuren Kyaftin ba rangwamen Amurka ba ne, ko da yake shi ya ba shi ƙwarin gwiwar tashi da 4:40. A ranar, ta fuskar nisan gani, gangarowar biyu duk cikin ƙa'ida aka yi su. Haɗarin ya zo ne a wurin da babu tsayin yanke shawara, ƙafa 500 a kan ruwa, inda jirgin yake tafiya da dokar ido a yanayin na'ura. Iya rage gudu da jirgi mai saukar ungulu ke da shi ya sa ya ga kamar kullum akwai sauran dama, kuma nasarorin Disamba sun ƙarfafa masa wannan zato. Wannan ɗabi'ar ce ta sake biyo shi kan gangarar ILS ta lalata saukar farko.

Hanin kilomita 5 ya faɗi ne don ba a gina shi a kan aikin da ake yi ba, dokar da kowa ya san za a ɗaga mata ƙafa kuwa ta fi cutarwa, saboda tana koya wa mutane cewa lamba abar roƙo ce. Tsarin da ya tsaya ya tsaya ne don kowace lamba a cikinsa tana amsa tambaya guda da za a iya dubawa daga ƙasa, kafin a kunna inji, kuma wanda zai faɗa wa Alhaji a'a ba shi ne ke tsaye a gabansa ba.

Ina jinjina wa Kyaftin kan rahoton da ya rubuta a daren, domin da ya yi shiru babu wanda zai sani. Amma ina ganin kamfanin ya fi shi alhaki. Ya bar shi yana zuwa wurin da babu ma'aunin yanayi har tsawon hunturu, bai taɓa tambayarsa da wace lamba yake dawowa ba, sai ɗan shekara biyu a aiki ne ya yi tambayar. Akwai kuma abin da har yanzu bai gyaru ba: dandamalin Ibeju-Lekki ba shi da hanyar saukar na'ura. Ana iya tsara masa irin wadda ke aiki da tauraron ɗan'adam, kamar yadda ake yi wa asibitoci a wasu ƙasashe, amma sai an auna wurin, an gwada hanyar da jirgi, hukuma ta amince, kuma babu wanda ya ɗauki nauyin kuɗin tukuna. Kafin a yi hakan, duk safiyar da mai gadi bai hango rufin ma'ajiyar nan ba, Alhaji mota zai shiga.